Musayar waƙa: daga ina Tamilawa, mutanen kudancin Indiya, suka taso?

Malam Na-Gwale:
Da sunan Allah na fara, ku kasa kunne 'yan'uwa,
Tushen Tamil arewa ne, wannan ba abin jayayya kuwa.
Harappa, Mohenjo-daro, biranen kwarin Indus, can suka fara zaunawa,
Da biranen suka dushe sai kudu aka yi ta gangarawa.
Je Baluchistan ka ji harshen Brahui, har gobe ana furtawa,
Dangin Tamil ne, sawu ne da aka bari wajen wucewa.

Alƙalamin Zazzau:
Malam, ka hau doki ba linzami, ina za ka?
Rubutun Indus wa ya karanta, balle ya zam hujjarka?
Stalin, yana babban ministan Tamil Nadu, ya sa dala miliyan 1 a 2025, je ka ɗauka,
Ka warware shi mu rako ka da kalangu har gidanka.
Brahui ma wasu sun ce daga baya ya je can, ka bincika.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Allah ya ƙara basira, Alƙalami! Zazzau ba a ja da ku.

Ɗan Auta:
Yayyena kun yi ta arewa, kun bar kudu baya,
Nahiyar Kumari Kandam teku ya haɗiye ta gaba ɗaya,
Daga can suka tsero, ku daina wahalar da kanku.

Alƙalamin Zazzau:
Ƙanena, koma makaranta, allonka bai bushe ba,
Lemuriya ce, Sclater masanin dabbobi ya ƙirƙiro a 1864, ba ka ji ba?
Dabbar lemur ta Madagaska yake nema wa hanya, ba mutum ba,
An auna ƙasan teku, ba a ga nahiyar da ta nutse ba.
Tsofaffin waƙoƙi sun ce ruwa ya ci ƙasar Pandiya ta Tamilawa, ban musa ba,
Amma cin gaɓa daban, bai kai haɗiye nahiya ba.

Mai Arulli:
Ku dakata. Ɗan Auta, ɗangonka na uku ya saki amsa-amo, "kanku" ba ta zauna da "baya" ba. Kai kuma Alƙalami, ɗangon Stalin ya fi 'yan'uwansa tsawo da ƙafa uku ko fiye. A wane kari ake rera "2025"?

Hajiya 'Yar Damagaram:
Hassada ce, Malam. Kawo naka baitin mu auna.

Mai Arulli:
Hajiya, mai awo ba sai ya yi noma ba. Karin ya karye, ko a gaban wa zan faɗa.

Ɗan Auta:
Ni dai an tsallake nasa an fara da nawa, don ni ne ƙarami.

Malam Na-Gwale:
Kwana biyu ba caji, yanzu na dawo fage,
Alƙalami, zo Keeladi, bakin kogin Vaigai, ka tsaya ka hange.
Kusa da birnin Madurai an tono rijiyoyi, da tubalin da aka jinge,
Kaskon tukwane da sunan Athan, rubutun bai goge.
Awo ya ba da shekara 580 kafin Annabi Isa, wa zai kange?
Wasu zanen sun yi kama da na Indus, ƙyaure ya fara buɗe.

Alƙalamin Zazzau:
Keeladi na sara mata, Malam, ta cancanci yabo,
Amma Indus ta dushe wajen 1900 kafin Annabi Isa, lissafa ka ga rabo.
Shekara 1,300 ke tsakani, da me ka cike wannan giɓi, Abbo?
Kama da wane ba ta wane, kawo gada, ba zato sabo.

Mai Arulli:
"Buɗe" da "hange"? Malam Na-Gwale, kai ma? Shi kuwa "Abbo" daga ina ya faɗo?