Hoton mutum yana shawagi a gaban Gobarau

Ɗan Ƙofar Soro: 'Yan uwa, yaya ake ɗaukar mutum yana shawagi a sama gaban hasumiyar Gobarau, irin zanen Magritte, mai zanen nan ɗan ƙasar Beljiyam da ya zana mutane suna shawagi a sama?

Mai Kyamara: Malam, kafa kyamara kan ƙafa uku, ka sa ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) a 100, buɗewar idon kyamara a f/8, ka saita fokas (inda hoton zai fito sarai) da hannu. Hoto biyu za ka ɗauka: fili kawai, sannan mutumin tsaye kan turmi. Ka ɗora ɗaya kan ɗaya a Photoshop, manhajar gyaran hoto, ka goge turmin.

Ta Daura: Ƙanena, inuwa ce ke tona asiri. Idan ka goge ta tare da turmin, sai ya zama kamar an manna mutumin. Bar ta a ƙasa. Kada tazarar hotunan ta wuce minti ɗaya, rana na matsawa.

Mai Kyamara: Hazon hunturu ma yana tausasa inuwar.