Dan Allah a taimaka: tunda na kunna MLO a rawuta batirin wayata baya kwana

Mai tambaya, unguwar Nima a Accra:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ne ya kawo min rawuta mai Wi-Fi 7 tsaraba, na sa a gidana dake saman shago, ina shiga saitin naga wani abu MLO na kunna kawai saboda ance yana ƙara gudu, to gudun kam ya ƙaru ba ƙarya amma wlh tun ranar in kwanta da caji 90 in tashi asuba in tarar da 60 da wani abu, alhali da ko 10 baya ci. Ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, caji a wajenmu dukiya ne. Sannan kyamarar shago da tsohuwar wayar Mma duk sun ƙi hawa. In kashe abin ne ko akwai gyara?

Mai gyaran waya, Circle:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin a ɗora wa rawuta laifi ka kashe Wi-Fi ɗin dare ɗaya ka gani. Rabin masu zuwa wajena da wannan kukan batirin ne ya tsufa ko wani af ne yake aiki a ɓoye.

Mai tambaya:
Na gwada Masta, da na kashe 4 kacal ya sauka. Wayar ma bata kai wata shida ba.

Mai haɗa intanet, Asawase:
To tunda haka ne bari in yi bayani, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo. Da can waya zango ɗaya take kamawa, wato layin rediyon da Wi-Fi ke bi, ko 2.4 ko 5 ko 6 GHz, sai ta saki wannan ta kama wancan. MLO shine Wi-Fi 7 ya zo da shi, wato 802.11be wanda aka fara ba na'urori shaidarsa a Janairun 2024, waya ta ƙulla da rawuta ta zango biyu ko uku a lokaci guda. Inda gizo ke saƙar shine kowane layi yana da nasa barci da nasa farkawa. Yadda aka tsara abin, in baka komai wayar zata iya kwantar da duka layukan ta bar ɗaya yana gadi, rawuta kuma ta riƙe saƙonninka, sai ta sanar ta wannan layin cewa akwai kaya an ajiye maka, har ta nuna layin da ya fi dacewa a tasa a karɓa. In rawuta da waya basu fahimci juna a wannan lissafin ba sai kaga layi biyu sun kwana ido biyu suna jiran saƙon da babu, kamar ka sa masu gadi biyu a ƙofa ɗaya kuma duk kai zaka biya.

Kuma MLO ɗin ma iri iri ne. Akwai STR, shi rediyo biyu ne ke aiki tare kowa na aikawa da karɓa, gudu sosai amma shine mai cin wuta. Akwai EMLSR, shi kunne yake kasawa a layi biyu da ɗan ƙaramin ƙarfi, rawuta ta turo ɗan gajeren kira, sai ya tattara ƙarfinsa duka a layin da aka kira shi, ana gamawa ya koma sauraro. Wannan ya fi dacewa da abu mai batir. Ba kowace rawuta ke barinka ka zaɓa ba, yawanci ita da wayar ne suke sasantawa.

Wani ɗan Maamobi:
Chale zango biyu lokaci guda? Mu da muke zango ɗaya ma ya muka ƙare da kuɗin haya 😂

Mai tambaya:
Allah ya shirye ka 😂 Malam na Asawase na gane, to me zan taɓa a saitin ɗin?

Mai haɗa intanet:
Fara da abdet na manhajar rawutar da na wayar, don irin wannan rashin jituwar sau da yawa a nan ake gyara shi. Sai ka nemi TWT ka tabbatar a kunne yake. Shi tun Wi-Fi 6 yake, alƙawari ne waya da rawuta suke yi cewa ni sai lokaci kaza zan farka, kafin nan kar ki neme ni. Sai DTIM. Rawuta tana sakin sanarwa duk bayan miliseƙan 102.4, DTIM shine bayan sanarwa nawa za a saki saƙonnin kowa da kowa, wanda dole masu barci su tashi su ji. In yana kan 1 ka mai da shi 3, farkawar ta koma kusan sau uku a daƙiƙa maimakon kusan goma. Kar ka zarce ka sa 10 don son banza, wasu na'urorin sai su fara jinkiri ko su dinga faɗuwa.

Amma tsaya, a ina kake kwana, ɗakin da rawutar take?

Mai tambaya:
A'a, rawutar na sama ta gaba, ni ina kwana ɗakin baya, bango biyu ne tsakani, bulo.

Mai haɗa intanet:
Yawwa ai ga ɓarawon nan. Zangon 5 da 6 basa son bango, 2.4 ne mai ratsawa. Wayarka tana riƙe da layi mai rauni, saƙo ya ɓata a sake aikawa, layi ya yanke a sake ƙullawa, duk daren Allah. Matso da rawutar tsakiyar gida ka ɗaga ta sama, in bazai yiwu ba ka cire 6 daga haɗin MLO ɗin ka bar 2.4 da 5.

Hajiya mai kayan masarufi, Aboabo:
Ni dai ɗana ban gane rabin maganar nan ba, amma zancen kyamara nima ya same ni. Yarona ne ya buɗe min wani sunan Wi-Fi daban a rawutar ta hau.

Mai gyaran waya:
Gaskiyar Hajiya ne. MLO sai da tsaron WPA3, tsofaffin kaya kuma WPA2 suka sani, yawancin kyamarorin nan ma 2.4 kawai suke gani. Buɗe suna na biyu a 2.4 da WPA2 ka zuba kyamara da wayar Mma a can. Ni a ra'ayina ma in WhatsApp da MoMo da kallon ƙwallo ne aikinka, MLO ɗin nan ado ne, layin da ke shigo maka gida ne zai tsaida gudun tun kafin Wi-Fi ya gaji.

Mai haɗa intanet:
Anan kam ban bi ka duka ba Masta. A gida irin na Nima da rawutoci sun fi goma suna gogayya a 2.4, amfaninsa ba gudu bane kawai, in layi ɗaya ya cushe kira baya yankewa sai ya bi ɗayan.

Mai tambaya:
Na dawo da rahoto. Nayi abdet, TWT ashe a kashe yake, DTIM na sa 3, rawuta ta koma baranda. Jiya 88 na kwanta na tashi da 79. Kyamara ta hau sabon sunan. Wayar Mma ce dai har yanzu, ashe Mma da kanta ta kashe Wi-Fi wai yana sa mata zafi a kunne. Allah ya saka da alheri. Saura wanda ya san ƙaramin UPS da zai riƙe rawuta awa shida in an ɗauke wuta, ya min magana ta inbos.