Ciyalidin a makarantun Amurka: wa ya cancanci ya horar da yara?

Kawu: Jama'a, ni dai ban ga dalilin da za a ce sai malami ya yi kwas kafin ya kula da 'yan ciyalidin ba. Yara ne ke tsayawa a gefen fili suna tafi da kirari don zuga 'yan ƙwallo. Kotu ma, a shari'ar jami'ar Quinnipiac a 2010, ta ƙi lissafa shi cikin wasanni.

Malama: Allah ya ƙara girma, Kawu, amma wancan hukuncin a kan dokar 1972 ne ta daidaita maza da mata a makarantu. Alƙalin cewa ya yi gasar ba ta gama samun tsari ba tukuna, bai ce babu haɗari ba. Kirari zalla ai na da ne, tun 1898 a jami'ar Minesota, lokacin ma maza ne ke yi. Yau yarinya ake cillawa sama ta juya, 'yan uwanta su cafe ta. Idan hannun mutum ɗaya ya makara fa?

Anti Nas: Nan ne zuciyata take. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce wajen kashi 65 cikin 100 na munanan raunuka da 'yan matan sakandare ke samu a wasanni daga ciyalidin suke, irin na kai da wuya da laka. Shi ya sa ta nemi jihohi su ɗauke shi a matsayin wasa, don a riƙa duba lafiyar yara kafin su shiga, a kuma ba su ƙwararren koci. Wanda bai san alamun girgizar ƙwaƙwalwa bayan buguwa a kai ba zai ce wa yarinya ta sha ruwa ta koma. Dokokin sakandare sun hana hawa kan juna fiye da hawa biyu, sun hana cilla yarinya a kan daɓe mai tauri. Wanda bai karanta su ba, ta yaya zai kiyaye?

Kawu: Na ji batun koci. To maki fa? A jihar Teksas tun 1984 duk wanda ya kasa samun 70 a darasi ɗaya dakatar da shi ake yi daga wasan. Wata yarinyar wannan wasan ne kaɗai ke riƙe ta a makaranta.

Malama: A nan ina tare da dokar, Kawu. Dakatarwar ta mako uku ce, kuma tana iya zuwa atisaye. 'Yan ƙwallo ma haka ake musu.

Yaya Babba: Ni kuwa ina bayan Kawu. Yaron da Turanci ke ba wahala saboda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, shi zai fara faɗuwa. A ba shi malamin ƙarin darasi kafin a cire shi.

Anti Nas: Ku ci gaba da na maki. Ni dai 'yata ba za ta hau kafaɗar kowa ba sai na ga takardar kocin.