Tsohon fim da wankin kala a gida

Jiya mun zauna a Ƙofar Soro da wasu tsofaffin masu ɗaukar hoto, ga abin da na tsinta. Fim ɗin da wa'adinsa ya wuce ƙarfinsa na raguwa, sai a ƙara masa haske: fim mai ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin fim wajen karɓar haske) da ya haura wa'adi da shekara 10, a ɗauke shi kamar 200. Zafin Katsina ne ke kashe kalarsa, don haka firij ne mazauninsa.

Wankin C-41, wato hanyar wanke fim mai kala, yana son maganin farko a digiri 38 cif, minti 3 da daƙiƙa 15. Wani dattijo ya nace kan a kare fim daga ƙurar hunturu, kuma wallahi ya yi gaskiya: a yayyafa ruwa a banɗaki, a rufe ƙofa, sannan a rataye fim ɗin ya bushe.