Tambaya kan ayar takaba da aka ce an shafe hukuncinta

Ɗalibi daga unguwar Bagalam, Maradi:

Assalamu alaikum, malamaina. A azumin bana ina zaune wurin tafsiri bayan la'asar, mai jan baki ya kawo aya ta 240 ta Suratul Baƙara, wadda take maganar zaman matar mamaci shekara guda a gidan mijinta, sai malam ya ce aya ta 234 ta shafe wannan hukunci, takaba ta koma wata huɗu da kwana goma. Abin ya tsaya mini a rai, domin mahaifiyata ba ta daɗe da fita takaba ba. Yaya ayar da ta zo da farko a Alƙur'ani za ta shafe wadda ta zo bayanta? Kuma idan hukuncin ya tafi, me ya sa har yau muke karanta ayar?

Wani malamin makarantar zaure:

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Jerin ayoyi a cikin Mushafi daban yake da jerin saukarsu, saboda haka aya ta 234, ko da yake ita ce farko a rubuce, malaman da suka tafi kan shafewa sun ce ita ce ta sauka daga baya. Asalin wannan ilimi na nasikhi da mansukhi, wato aya mai shafewa da wadda aka shafe, yana cikin Baƙara aya ta 106, inda Allah Ya ce ba Ya shafe wata aya sai Ya kawo mafi alheri daga gare ta ko kwatankwacinta. Wannan ba ya nufin wani abu ya ɓoyu ga Allah sannan ya bayyana. Hukuncin farko tun asali yana da wa'adinsa, kamar yadda aka fuskanci Baitul Maƙdis wata 16 ko 17 a Madina kafin a juya zuwa Ka'aba. Ayar kuwa muna karanta ta ne domin maganar Allah ce, da lada a kowane harafi, kuma tana tuna mana sauƙin da aka yi wa iyayenmu mata.

Wata malamar Islamiyya:

Allah Ya saka wa malam da alheri. Ƙanina, ina so ka san cewa an ruwaito daga Mujahid, almajirin Ibn Abbas, cewa aya ta 240 ba a shafe ta ba: takaba wata huɗu da kwana goma ce, sauran shekarar kuwa haƙƙin zama ne ga matar idan ta so. Abin da ke damuna shi ne saurin da wasu masu wa'azi ke yi wajen cewa an shafe aya, alhali magabata sukan kira keɓance hukunci ma da sunan naskhi. Imamu Suyuɗi a cikin littafinsa Itƙan ya taƙaita ayoyin da aka shafe zuwa kusan 20, Shah Waliyullah na Delhi kuma ya mayar da su 5 kacal.

Ɗalibi daga unguwar Bagalam:

Na gode, malam, na gode, yaya. Gobe in Allah Ya yarda zan kai wa malaminmu maganar Mujahid, in ji yadda zai haɗa ta da ayoyin rabon gado.