Mi za mu ce ma "guidon" na bindigar farauta? Sanarwa za ta fita ƙarfe takwas

Mai Fassara: Salamu alaikum ƴan uwa. An kawo mani sanarwa da Faransanci in maida ta Hausa, za a karanta a rediyo bayan labaran ƙarfe takwas na dare. Gargaɗi ne ga maharban Dakoro da na wajen Baban Rafi, nan jihar Maraɗi ta Nijar, masu gyaran bindiga cikin gida: kar a datse canon, kar a kai shi wurin mai walda, kar a taɓa guidon. Canon na sa "bututu". Guidon ne ya tsaya mani, ɗan ƙarfen nan da ke zaune bisa bututu dab da baki. Ku agaza.

Ɗan Mokoyo: Gidon kawai. Kowa ya san shi.

Mai Fassara: Kowa ya san shi ga moto, ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa. In na ce kar a taɓa gidon, ƴan kabu-kabu ne za su bugo waya.

Ɗan Jibiya: Saiti. Mu nan haka muke cewa, har a ce ya saita shi.

Mushe: Mun tsere ma Faransanci mu faɗa Ingilishi? Hausa tana da bara, tana da "ya baraci barewa". Sunan kayan aiki kuwa hanyarshi sananna ce: buɗe, mabuɗi, auna, ma'auni. Saboda haka baraci, mabaraci.

Ɗan Mokoyo: Mushe, "kar ku kai mabaraci wurin mai walda"? Bayin Allah na ƙofar masallacin Juma'a mi sunka yi maka?

Mushe: Karin sauti ya raba su. Mai aikatawa muryar tana sauka tsakiya, kayan aiki kuwa sama take tafiya har ƙarshe. Kamar maƙeri da maƙera. Rediyo da kunne ake ji.

Hajiya ta Zariya: Gaskiyarka ga nahawu, Mushe. Amma wadda za ta karanta takarda za a miƙa mata saura minti biyar, ba alamar sauti ko ɗaya. Mabaracin da ta sani shi za ta faɗa.

Tsohon Maharbi: Jikana ke rubuta mani. Ku fara sanin abin kafin ku raɗa mai suna. Bindigar soja saiti biyu gare ta, na gaba da na baya, a daidaita su. Ta farauta, kalibar 12, guda ne tak, ɗan dunƙulen tagulla, wani lokaci fari, sababbi kuma na roba ja mai ƙyalli. Na baya idonka ne. Ka kafa kumatu ga gindin bindiga, ka dubi zabuwa, ƙwayar tana can ƙasan gani. Wanda ya tsaya kallon ƙwaya, zabuwa ta tafi. Don haka ko ma'auni anka ce mata ban yarda ba, ba ta auna komi. Mu dai ƙwaya muke cewa tun muna riƙon adaka.

Ɗan Jibiya: Baba, ƙwaya a rediyo? Sai a ce jandarma ake ba labari.

Hajiya ta Zariya: In an ce ƙwayar bindiga kuma wasu harsashi za su ji. Amma Baba bai yi nisa da Turawa ba. Faransawa suna da grain d'orge, ƙwayar sha'ir ke nan. Jamusawa Korn suke cewa, ƙwayar hatsi. Rashawa masu ƙera bindigar Baikal kuwa ɗan ƙuda sunka kira shi. Ba wanda ya zauna ya ƙera kalma, abin da ido ya gani anka faɗa.

Mushe: To sai mun ji Jamusawa sun yi kafin mu yarda da tamu? Wannan ita ce cutarmu. Kano ta buga littafi, mu haɗiye. Ko ƴ da dokar rubutunmu ta 1999 ta ba mu, rabinku ba ku sa ta.

Ɗan Jibiya: Mi ya kawo Kano? Ni Bakatsine ne, kuma kakanninka daga Katsina sunka zo Maraɗi.

Mushe: Da Hausar munka taho. Ku kunka zauna kuna saiti.

Ɗan Mokoyo: Ga canon ma, in an faɗe shi da bakin Maraɗi, Kano ne. "Kar a datse Kano."

Mai Fassara: Don Allah ku bari, shida ta wuce. Baba, jimla ta gaba tana cewa datse bututu yana cire choke. Shi kuma fa?

Tsohon Maharbi: Faɗin ramin kalibar 12 milimita 18 da rabi ne, amma dab da baki yana ɗan tsukewa don ƴaƴan dalma su fita a dunƙule. Ka datse bakin, tsukin ya tafi, ƙwayar ma ta tafi tare da shi, dalma ta watsu tun kusa. Sai mutum ya ce bari ya liƙa wata da walda. Zafin nan yana lalata ƙarfen, mai baki biyu kuma yana sakin lahamin da ya haɗe bututun biyu. Wani ya huda ya ɗaura ƙusa, ta leƙo cikin rami. Bututu in ya tsage, hannun hagu ne ke wurin. Wannan ka faɗa masu da kowace kalma ka ga dama.

Mushe: Matsuka. Wurin tsukewa.

Hajiya ta Zariya: Wannan kam ta zauna, Mushe. Ko tsukin baki.

Mai Fassara: Ga abin da na rubuta: "Kar a datse bututu, don tsukin baki yana tafiya. Kar a taɓa ƙwayar kan bututu, wadda wasu ke ce ma gidon ko saiti." Na miƙa.

Mushe: Kalma goma sha ɗaya wurin guda. Ban sa hannu ba. Matsuka dai a rubuta ni na kawo ta.

Mai Fassara: Mushe, tsukin baki na sa.