Musayar Waƙa Kan Farfesa Otto Wichterle

Malamin Sinadarai:
Assalamu alaikum. Baitocinmu na wannan mako a kan Farfesa Otto Wichterle ne, masanin sinadarai ɗan ƙasar Cek da ya ƙirƙiro ruwan tabarau mai laushi wanda ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Amsa-amonmu "wa" ne, kowa ya riƙe shi.

An haifi Otto a Prostejov cikin shekarar 1913,
A gidan masu ƙera injinan noma da sayarwa.
Yana da shekara shida likita ya ce saura masa shekara guda,
Sai ga shi ya kai tamanin da huɗu a rayuwa.
A birnin Firag ya tsuguna gaban Farfesa Emil Votocek,
Ya naƙalci sinadaran da kabon yake ɗaurewa.
Ya karɓi digirin dokta a 1936,
A 1939 Jamusawa suka garƙame jami'o'i, aka yi ta watsewa.

Mai Tsohon Tabarau:
Malam, ka tsaya a ƙofar jami'ar da aka rufe,
Ni zan bi shi garin Zlin, inda kamfanin Bata ya ba shi wurin fakewa.
Bata ɗin nan dai, mai takalman da muka sa a firamare,
Wanda har yau wata mahada ke amsa sunansa a garin Kanawa.
A can ya fitar da zaren silon, ɗan'uwan nailan,
A 1942 'yan sandan sirrin Jamus suka kama shi, ya yi watanni a ɗakin tsarewa.

Ɗalibar Kimiyya:
Baba, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma aji, ya rubuta littattafan koyo,
Ya zama shugaban tsangaya a 1952, ɗalibai na ta ƙaruwa.
Amma a 1958 'yan gurguzu suka yi tankaɗe da rairaya,
Suka kore shi daga jami'ar da ya taimaka wajen ginawa.
Shi da abokin aikinsa Drahoslav Lim sun riga sun haɗa wata roba mai shan ruwa,
Taushinta kamar tsoka, kuma jiki ba ya ƙin karɓuwa.
Matsalar ita ce gefen ruwan tabarau da aka yi da ita yakan fito da kaushi,
Har hukuma ta janye kuɗin binciken, ta ce babu abin morewa.

Malamin Sinadarai:
Madalla, 'yata, kin kawo mu inda na fi son labarin,
Wato Kirsimetin 1961, da teburin ɗakin dafuwa.
Ya ɗauko kayan wasan 'ya'yansa na ƙarfe, ƙirar Merkur,
Da ɗan janareton fitilar keken ɗansa don juyawa.
Ya ɗiga ruwan sinadari a ƙananan mazubai na gilas,
Juyin ya shimfiɗa shi kamar ƙoƙo tun kafin daskarewa.
Guda huɗu suka fito da gefe sumul a ranar nan,
A nasa idon ya fara sakawa, bai nemi wani don gwadawa.
Daga baya ya sa injin garmaho a madadin na keke,
Shi da matarsa Linda suka yi dubbai kafin bazara ta yi tsayuwa.

Mai Tsohon Tabarau:
Malam, ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rabon riba:
A 1965 wani kamfanin Amurka ya sayi izinin ƙerawa,
A 1971 kamfanin Bausch & Lomb ya baza hajar a kasuwa,
Kura ta sha bugu, gardi ne ya yi ta tarawa.
Ya sa hannu a takardar neman sauyin siyasa, Kalmomi Dubu Biyu, a 1968,
Sai aka tuɓe shi daga shugabancin cibiyar binciken da ya sha wuyar kafawa.

Ɗalibar Kimiyya:
Haka ne, Baba, sai dai gurguzu ya riga shi faɗuwa,
A 1990 aka ba shi Majalisar Kimiyyar Cekoslobakiya don jagorantawa.
Ya rasu a Strazisko ranar 18 ga Agusta, 1998,
Ni kuwa nawa biyun suna jiƙe a ɗan kwanonsu, sai da safe zan yi sakawa.